Turken Jirgin Sama: Yadda Ake Ɗaure Ƙananan Jirage a Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san amfanin turke. Haka ma manomin Ɗankaza, wanda yakan ɗaure jinkar rumbunsa tun kafin hadarin farko ya taso daga gabas, ya san ɓarnar da iska ke yi wa abin da aka bari a sake. Sai dai ba kowa ya san cewa ƙaramin jirgin sama ma a turke ake ɗaure shi ba, tamkar doki, muddin zai kwana a fili.

Dalilin haka yana cikin fiffike. An ƙera fiffiken jirgi ne yadda iskar da ke ratsa shi za ta cira shi sama, kuma fiffike bai san bambanci tsakanin jirgi ya ruga cikin iska da iska ta rugo wa jirgi yana tsaye ba. Jirgin nan samfurin Cessna 172, mai kujeru huɗu, bai kai tan ɗaya ba idan babu kowa ciki, amma faɗin fukafukansa ya ɗara murabba'in mita 16, kuma gudun da bai wuce kilomita 90 a sa'a ba ya isa ya riƙe shi a sama. Iskar da ke gabatar ruwan farkon damina a ƙasar Hausa kuwa takan yi kusa da wannan gudu. Bugu da ƙari, idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take ɗaga fiffike da shi sau huɗu yake ninkawa. Ba sai ta ɗauke jirgin ɗungum ba; da zarar ta cira fiffike ɗaya, jirgin ya kife ke nan.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a nan. Jirage uku na rundunar mayaƙan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925 ƙanana ne, masu rufin ƙyalle, kuma a fili suka sauka. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ƙananan jirage take horar da ɗalibai. A manyan filaye akan binne zobban ƙarfe cikin kankare don ɗauri. Amma jirgin da ke feshin tsuntsayen jan-baki ko fara, idan aiki ya kai shi filin karkara, tilas ya tafi da turakunsa, ya kafa, ya tumɓuke in zai tashi.

Turakun nan iri-iri ne. Akwai miƙaƙƙen ƙarfe da ake bugawa da guduma, wanda shi ne mafi araha kuma mafi rauni. Akwai mai murɗaɗɗen baki, da ake murzawa ya nutse cikin ƙasa kamar sukurudireba a katako. Sannan akwai mai faifai ko ƙafafu uku, wanda ake kafe shi da dogayen ƙusoshi, kowace ta nufi nata ɓangaren a karkace. Wannan na ƙarshe ya cancanci a dakata a kansa, domin dabarar saiwa ce aka ara. Idan aka fizgi ƙusa ɗaya ta hanyar da ta shiga, gogayyar jikinta da ƙasa kaɗai ke riƙe ta. Idan kuwa ƙusoshi uku ne da suka baje, babu yadda za su fito tare sai sun ɗago dunƙulen ƙasar da ke kansu. Mai tuge kara bayan girbi ya san haka: tushen dawa ba ya fita sai da ƙasarsa.

Ke nan ƙasar ce ke riƙe jirgi, turke ɗan aike ne kawai. Jigawa mai rairayi, irin wadda ta yawaita a gabashin Kano, ba ta kama ƙarfe sosai, don haka tana bukatar turke mai zurfi da faɗin baki. Laka kuwa da rani takan ƙi ƙusa don tauri, da damina ta saki don laushi. Abin takaici shi ne, ruwan da ke jiƙa ƙasa da iskar da ke fizgar jirgi tare suke zuwa. Hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, a wata takardar shawara ta 1983, ta nemi kowane turken jirgi mai inji ɗaya ya iya jure jan da ya kai kimanin kilo 1,360, ta kuma yi gargaɗi cewa turakun bugawa sukan tumɓuke idan ƙasa ta sha ruwa. Da wuya turken ɗauka-sauke ya kai wannan ƙarfi a jiƙaƙƙen rairayi, kuma matuƙin da ya ɗauka ya kai, ya yaudari kansa. A ranar 31 ga Maris, 2011, guguwa ta afka wa taron baje kolin jirage a Lakeland, jihar Fulorida, ta lalata jirage masu yawa, har da waɗanda ke ɗaure.

Wuri uku ake ɗaurewa: ƙarƙashin kowane fiffike, inda aka tanadi zobe, da kuma wutsiya. Ana kafa turken fiffike ɗan nesa, yadda igiya za ta sauko a karkace, sannan a kulle sitiyari don kada iska ta riƙa kaɗa sassan da ke motsi, a kuma tokare tayoyi. Igiyar roba ta nailan aka fi so. Ta rama da makamantanta takan tsuke idan ta jiƙe har ta danne fiffike fiye da kima, ga ruɓewa, ga kuma gara, wadda a ƙasar nan ba ta bar igiya ko turken itace su daɗe a ƙasa ba. Nailan ɗin ma zafin rana yana cin ƙarfinsa a hankali, saboda haka akan duba shi kafin kowace damina, a sauya wanda ya koɗe ko ya fara fitar da gashi.