Daga Boɗinga zuwa Shagari: Yadda masunta ke ɗaure mashi a babur

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan fadamu ya fara ja da baya, sai titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga ya nufi Shagari da Tambuwal ya samu sababbin matafiya. Bayan sallar asuba za ka gan su a kan babura, gora na lilo a baya, homa a naɗe, ga doguwar sanda kwance a gefe. Masunta ne masu bin ruwa duk inda ya rage. Wasu madatsar ruwa ta Shagari suke nufa, wasu kuma tafkunan da ambaliya ta bari a ƙauyuka.

Ni a gidan masunta na tashi, a ƙasar Boɗinga. Kakanninmu da ƙafa ko da jaki suke zuwa ruwa, su kwana biyu ko uku a can. Yau Boxer ko Jincheng na kai mutum ya dawo kafin azahar. Sai dai kayan su an ƙera su ne don ruwa da kafaɗar mai tafiya a ƙasa, ba don abin hawa mai ƙafa biyu ba. Shi ya sa nake cewa ɗaurin kaya ya zama wani sashe na sana'ar, kuma wanda bai iya shi ba da sauransa, ko da kuwa shi ne gwanin nutso a garinsu.

Mashi ne ya fi kowane kaya haɗari. Masu kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, sun saba da ganin homa da gora kawai. Amma Sarkawa da Kabawa sun daɗe da sanin ƙarfe mai tsini, irin su zago da hargi, na sukar manyan namun ruwa. A wajenmu an fi amfani da mashi da rani, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, tarwaɗa ta taru a ƙarƙashin ciyawa, gaiwa kuma ta shige laka. Bakinsa na da ƙayoyi masu kallon baya don kada kifi ya suɓuce. Waɗannan ƙayoyin ba su bambanta naman kifi da cinyar mutum.

Kawuna, wanda ya koya mini sana'ar su, ba ya yarda a tayar da babur sai ya zagaya shi ya taɓa kowane ƙulli. Ya fara da cire bakin mashin daga ƙota, in irin mai cirewa ne, ya naɗe shi a tsumma ya jefa cikin buhu. In ba ya cirewa, sai ya cusa tsinin cikin guntun tiyo ko tsohuwar taya, ya ɗaure da roba. Ƙotar kuma a tsaye take bin tsawon babur, tsini na kallon baya da ƙasa, an ɗaure ta wuri biyu, da jan ƙyalle a ƙarshe don na baya ya gani. Ba a gicciya ta a kan kariya, domin a kasuwar Boɗinga ko wajen wuce tirela, taku ɗaya da ta fito gefe ya isa ta kayar da kai ko ta ji wa mai tafiya ciwo. In ya ga na riƙe mashi a hannu ina zaune a baya, sai ya ce, "Ɗana, sauka. In ya taka birki, wa za ka soka, ni ko kanka?"

Bayan mashi sai raga. Yawancin ragar yanzu ta leda ce, kuma salansa na gefen dama. Da ta taɓa shi ta narke, aikin wata guda ya tafi. A gefen hagu kuma sarƙa ce. Zare ɗaya da ya sauko ya shiga cikinta zai ja sauran ya ƙulle ƙafar baya nan take. Don haka birgi da kalli cikin buhu ake zuba su, a ɗaure bakin. Birgi na da nauyi saboda darmar da ke gefensa, sai a aza shi kusa da direba. In aka kai shi can ƙarshen kariya, gaban babur zai yi sakwaf, kan ya riƙa rawa a kwana. Mamari, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, kowace ƙugiya a soke take a jikin soso ko ɓawon kara kafin a rufe ta cikin kwano.

Gora ita ce ran masunci a ruwa mai zurfi, a kanta yake kwanciya, cikinta yake zuba kamu. Gargada da zafin rana na tsaga ta, tsagar da ido ba ya gani sai an kai tsakiyar ruwa. Shi ya sa ake goya ta a baya, ko a yi mata gammo da tsumma, ba a matse ta da roba a jikin ƙarfe.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Mutum ya gaji, kaya sun jiƙe sun ƙara nauyi, yauƙin kifi ya sa igiya na zamewa. Tarwaɗa na jure rashin ruwa, ana zuba ta cikin jarkar da aka yanke wa baki da ɗan ruwa kaɗan. In ruwan ya yi yawa, yana kaɗawa yana jan babur gefe. Karfasa da giwan ruwa kuwa ba su jira, sai jiƙaƙƙen buhu da hanzari, ko a yi bandarsu a bakin ruwa. Wannan hanzarin ne ke sa wasu su cusa mashi yadda ya samu, kuma yawancin raunukan da na gani da idona a hanyar komawa gida aka same su.

Akwai kuma batun tsaro. Tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta, har gwamnatin jihar Sakkwato ta taƙaita zirga-zirgar babura a 2021, duk mai ɗauke da ƙarfe mai tsini abin tuhuma ne a shingen bincike. Masu hankali na rage gudu tun daga nesa, su faɗi abin da ke cikin buhu kafin a tambaya, su guji tafiyar dare. In ruwan wani gari za ka shiga, ka fara gaida Sarkin Ruwansu. Shi ne zai ba ka izini, shi ne kuma shaidarka in magana ta taso.

Kirana ga sarakunan ruwa da shugabannin 'yan kabu-kabu na Boɗinga da Shagari shi ne su mai da wannan doka a tsakaninsu: kada a ɗauki mashi a babur sai bakinsa a rufe, kada kuma a goya yaro tare da shi. Guntun tiyo da robar ɗauri ba su kai kuɗin tarwaɗa ɗaya ba.