Yadda Ake Adana Hotuna a Mazubin Roba

Ɗalibai, da wuya ku shiga gida a Jos ku rasa tsofaffin hotuna: na aure, na suna, na bikin Salla ko Kirsimeti, ko na kakannin da suka yi aikin haƙar kuza. Yawancinsu ba su da na biyu, domin fim ɗin da aka wanke su da shi ya daɗe da ɓata. Idan irin wannan hoto ya lalace, jikoki ba za su taɓa ganin fuskar kakansu ba.

Hoto takarda ce wadda aka shafa wa wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikin wannan danƙo ne surar mutum take zaune. Idan ya sha laima sai ya kumbura, hotuna su manne da juna, funfuna kuma ta kama su. Zafi da hasken rana suna sa launi ya koɗe. Gara da kyankyaso da ɓera kuwa takardar suke ci.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka tana da sanyi, kuma sanyi yana taimakon hoto. Amma damina tana kamawa daga Afrilu har zuwa Oktoba, ana samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara. A Yuli da Agusta kwali yakan yi laushi ko da yana cikin ɗaki. Shi ya sa mazubin roba mai murfi ya fi kwali.

Sai dai roba iri-iri ce. Kafin ku saya, ku juya mazubin ku duba gindinsa. Za ku ga alama mai kusurwa uku da lamba a cikinta. Mai lamba 5 ya dace ƙwarai, haka ma mai lamba 2 ko 4. Ku guji mai lamba 3, wato PVC. Wannan roba tana fitar da maiƙo da sinadari mai cin hoto. Sau da yawa takan yi wari irin na sabuwar ledar ɗaki.

Ku lura da wani abu kuma. Murfin da ya hana laima shiga, shi ne zai hana ta fita. Idan kuka rufe hotuna a ranar da ake ruwa, kun rufe su tare da abokin gabarsu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, wato Disamba ko Janairu, sa'ad da iska ta bushe. Ku wanke hannu, ku riƙe hoto ta gefensa, ku kaɗe ƙura da tsumma mai laushi. Ku sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, kada ku ɗaure su da kyauro. Ku jefa ƙunshin silika guda biyu, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, domin yana tsotse laima. Daga nan ku ajiye mazubin a kan kanta, nesa da ƙasa da bango da taga.

A Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ana rubuta bayanin kowane abu da aka adana. Ku ma ku yi haka. Ku tambayi manya sunayen mutanen da ke cikin hoto, da wuri da shekara, ku rubuta a bayansa da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda.

Tambayoyi

1. Me laima take yi wa hoto?
2. Wace lamba ce ya kamata ku guje wa, kuma don me?
3. Me ya sa hunturu ya fi damina dacewa da wannan aiki?