Masassarar Jego da Kafson Kasuwa: Jan Hankali ga Mutanen Damargu

A yawancin gidajenmu, da zarar jariri ya yi kuka, mabiyiya ta faɗo, sai a ce an sauka lafiya. Mata su rangaɗa guɗa, 'yan barka su fara shigowa, maigida ya shiga lissafin ragon suna. Amma duk ungozomar da ta daɗe a gidan haihuwa, a Tanut ne ko a Balbeji, ta san akwai baƙon da ba ya zuwa ranar haihuwa. Yakan bari sai kwana biyu ko uku, wani lokaci har bayan suna. Mai jego ta fara rawar sanyi, jiki ya ɗau zafi, mara ta riƙe, jinin biƙi ya sauya wari. Wata tsohuwa ta ce ruwan nono ne ke zuwa. Wata ta ce masassarar sauro ce. Sai a ba yaro kuɗi ya ruga wurin mai tebur ya sayo kafso huɗu ko shida, a haɗa da wankan ruwan zafi, a jira ikon Allah.

Sau da yawa abin da ke faruwa a cikin jikin matar nan shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa. Wurin da mabiyiya ta rabu da mahaifa ɗanyen rauni ne, faɗinsa ya kai tafin hannu, kuma ba a ganinsa balle a wanke. In ƙwayoyin suka samu wurin zama suka hayayyafa, sai su tsallaka cikin jini, daga nan ƙoda da huhu da zuciya su fara gazawa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wajen ɗaya cikin goma na matan da ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa, irin wannan cutar ce ajalinsu.

Ta ina suke shiga? Muddin faya ba ta fashe ba, ɗa yana cikin rufaffen ɗaki. Da ta fashe, ƙofa ta buɗe, kuma kowace sa'a da ta wuce ba a haihu ba, haɗarin ƙaruwa yake. Doguwar naƙuda ma haka. Sai kuma hannu. Duk hannun da aka sa don a duba ko kai ya sauko, yana iya tura ƙwayoyin cuta ciki, shi ya sa ko a likita ƙa'ida ita ce a duba mace sau ɗaya cikin sa'a huɗu in komai na tafiya daidai. Wannan darasi tsoho ne. A 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci da ɗalibai wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu naƙuda, sai mutuwar masu jego a ɗakinsa ta faɗi ƙasa warwas. A lokacin ba a ma ƙirƙiro maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Wanke hannu ya riga antibayotik zuwa ɗakin haihuwa da kusan shekara ɗari.

Wannan ba ya nufin maganin ba shi da aiki. Yana da aiki babba, sai dai aikin yana da lokacinsa da ma'auninsa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan wannan batu, kuma abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne ta ce matar da ta haihu da kanta lafiya lau, ba tangarɗa, ba sai an ba ta antibayotik ba. Waɗanda ake ba don rigakafi sanannu ne. Akwai wadda za a yi wa tiyata a ciro ɗa: allura ɗaya ce, ana yin ta minti 30 zuwa 60 kafin a sa wuƙa, don maganin ya riga ƙwayoyin cuta isa wurin. Akwai wadda mabiyiya ta maƙale har sai da aka sa hannu aka ciro ta. Akwai wadda ta yi mummunar ƙari har ta taɓa dubura, da wadda faya ta fashe mata tun ciki bai isa haihuwa ba. Daga baya aka ƙara da wadda aka jawo wa ɗa da na'ura. Kowace da irin maganinta. Misali, a fashewar faya kafin lokaci akwai wani haɗin amoksisilin da ake gujewa saboda yana iya lalata hanjin bakwaini, alhali a wani wurin shi ne zaɓi. Mai tebur a kasuwar Bakin Birji ba shi da hanyar sanin wannan bambanci, kuma ba laifinsa ba ne, ba aikinsa ba ne.

A 'yan shekarun nan masana sun yi wata tambaya: a ƙasashen da cutar ta yi yawa, in aka ba kowace mai naƙuda magani sau ɗaya tak, zai rage ɓarna? Maganin da aka gwada shi ne azitoromaisin, wanda mutanen jihar Damagaram ba baƙonsu ba ne, domin an sha raba shi gari-gari a yaƙi da amodari. An yi gwajin a kan mata sama da 29,000 a ƙasashe bakwai, ciki har da Kenya da Zambiya da Kwango da Indiya da Pakistan, aka bayyana sakamako a farkon 2023. Rabin matan an ba su giram biyu su haɗiye lokacin naƙuda, rabi an ba su ƙwaya marar magani. A cikin kowace mace 1,000 da ba ta samu maganin ba, 24 cutar ta shiga jininsu ko suka rasu. A cikin waɗanda suka samu, 16. Ragin kashi ɗaya cikin uku ke nan, ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Jariran ba su amfana ba. Yawan waɗanda aka haifa ba rai, da waɗanda suka rasu a makonnin farko, da waɗanda cutar ta shiga jininsu, bai sauya ba. Wani gwajin da aka yi kusa da mu, a Gambiya da Burkina Faso, kan mata kusan 12,000, shi ma ya fito a 2023 da amsa iri ɗaya: an samu raguwar ƙurajen fata ga jarirai da ciwon nono da masassara ga iyaye, amma mutuwar jarirai tana nan inda take. Duk wanda ya ce maka akwai ƙwayar da uwa za ta sha ta tsare ɗanta daga cutar jini, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba. Kuma a duka gwaje-gwajen nan ma'aikatan lafiya ne suka bayar da maganin, bayan sun tantance wadda ta dace, domin yana iya dagula bugun zuciya ga mai ciwon zuciya.

Akwai kuma bashin da ake ci duk lokacin da aka sha antibayotik, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka fi auna wannan bashi. A jihar Doso, daga 2014 zuwa 2017, an riƙa ba ƙananan yara azitoromaisin sau biyu a shekara, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari. Alheri ne babba. Sai dai da aka koma aka duba, an tarar ƙwayoyin cuta masu taurin kai ga irin wannan magani sun ƙaru a garuruwan da aka yi rabon. A Maradi kuma, wani bincike da aka buga a 2011 kan yara masu tamowa da aka kwantar ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku sun iso da ƙwayoyin hanji da manyan magunguna ba sa kashewa, kuma kusan duk sauran sun kwashe su kafin a sallame su. Makiyayin Damargu ya san wannan a garkensa: allurar da a da sau ɗaya take tayar da saniya, in an yi ta tsikara ta ba bisa ƙa'ida ba, wata rana sai a yi uku ba ta motsa ba. In likitoci masu ma'auni suna auna riba da hasara kafin su bayar, ina ga mai sayen kafso uku don kuɗinsa iya nan suka tsaya?

Ɓarnar kafson kasuwa ba ta tsaya nan ba. Ya sha rana a kan tebur, ba a san inda ya fito ba, wani ma gari ne kawai a ciki. Wanda aka fi sani da launinsa, ja da rawaya, ba a ba mai ciki domin yana ɓata haƙoran ɗa. Mafi muni, yakan ɗan lafar da zafin jiki kwana ɗaya ko biyu, gida ya saki jiki, alhali cutar na ci a ciki. Kafin a farga a ɗauko amalanke, mace ta fara sambatu. Abin da take bukata tun farko allurai ne ta jijiya, iri biyu ko uku a haɗe, wani lokaci da wankin mahaifa in wani yanki na mabiyiya ya saura. Ba a yin wannan a ɗaka.

Shi kuwa jariri, ƙofar cutarsa mafi girma cibiya ce. A yanke ta da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta. Kada a barbaɗa mata toka, ko garin kafso, ko man goge baki, ko wani abin da kaka ta ce da shi aka yi wa uban yaron. Akwai maganin shafawa mai suna kulohekzidin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2013 don jariran da aka haifa a gida a wuraren da mutuwar jarirai ta yi yawa, kuma jihar Sakkwato na cikin na farko da suka raba shi a Najeriya. In an ba ku shi, ku riƙe wannan da kyau: na cibiya ne kaɗai. Kwalbar wani irinsa ta yi kama da ta maganin ido, kuma a 2019 Hukumar ta yi gargaɗi bayan an samu jarirai a ƙasashen Afirka da dama da aka ɗiga musu shi a ido, wasu suka makance. Allurar rigakafin sarƙe haƙora da ake yi wa mai ciki a wurin awo ita ma babu kafson da ke maye gurbinta.

Jariri ba ya jira. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na faɗawa, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ya yi jijjiga, ko gindin cibiya ya yi ja yana fitar da mugunya, to a ranar za a tafi, ba sai an yi suna ba. Na sha jin ana cewa ba a fitar da ɗa kafin kwana bakwai. Raɗa suna a kan gadon likita ya fi raɗa shi a bakin kabari.

Matsalar Damargu ita ce nisa, kowa ya sani. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, wannan ma ga wanda ke bakin kwalta. Wanda ke cikin ƙauyukan Tarka ko rugagen Tenhiya, kafin ya ga kwaltar ma aiki ne, balle da damina. Ga kuma kunya, wadda ke sa 'yar fari ta kwana tana murƙususu ba ta faɗa wa kowa ba, faya ta fashe tun magariba ba a sani ba sai hantsi. Tun 2005 gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Gaskiya ne wani lokaci magani kan yanke a ce a sayo, kuma kuɗin mota na kan mai shi. Shi ya sa shawarar ba ranar naƙuda ake yanke ta ba.

Magidanta, wannan naku ne. Tun ciki na wata bakwai a san likitar da za a je, a san mai motar da za a kira da dare, a ware 'yan jikkuna ko akuya ɗaya da sunan wannan rana. Wanda gidansa ke da nisa, ya kai matarsa wurin dangi a gari in wata ya kama. Iyaye mata da surukai, ku gaya wa 'ya'yanku cewa faɗin "ruwa ya zubo mini" ba rashin kunya ba ne. In faya ta fashe, a kama hanya ko naƙuda ba ta taso ba. In mai jego ta yi masassara a cikin arba'in, a kai ta a auna jininta a duba mahaifarta, kuma in an rubuta magani a sha shi har ƙarshe, kada a rage saura don wata haihuwar.