Djibo Bakary: Malamin Makarantar Da Ya Zama Magajin Garin Yamai

Mu mazauna Kassalafam mun san abin da ya auku a New Bell cikin watan Mayu na 1955, lokacin da sojojin Faransa suka far wa 'yan jam'iyyar UPC. To, amma kaɗan ne daga cikin yaranmu suka san cewa a can Nijar akwai wani saurayi mai irin wannan ra'ayi, wato Djibo Bakary.

An haife shi a 1922. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas, daga baya ya ajiye alli ya shiga ƙungiyar ƙwadago. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda talakawa suka raɗa wa suna Sawaba. Shekara guda bayan haka, babbar ƙungiyar RDA ta kori UDN da UPC a taronta na Konakiri, don sun ƙi sassauta wa Faransa.

A 1956 aka zaɓe shi magajin garin Yamai, yana ɗan shekara 34. Ra'ayinsa a fili yake: lebura da manomi da ɗan tireda su ne masu ƙasa, kuma mulkin mallaka ba abin gyara ba ne, abin kawarwa ne. Sai dai fa, don ya hau wannan kujera sai da ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna ke mara wa baya. A ganinmu nan ne ya gina ɗaki bisa rairayi. Haɗin ya ba shi rinjaye a zaɓen 1957, har ya jagoranci gwamnatin farko ta 'yan ƙasa, amma da Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ran 28 ga Satumba 1958, Djibo ya ce a kaɗa "a'a", sai yawancin sarakunan suka juya masa baya. Gwamna Colombani ya tsaya kai da fata, "i" ta yi nasara. Mako biyu kafin nan aka kashe Ruben Um Nyobe a dajin ƙasar Basa.

An haramta Sawaba a 1959. Djibo ya yi gudun hijira, ya komo bayan juyin mulkin 1974, Kunce ya ɗaure shi. Ya rasu a Yamai a 1998. Allah ya jiƙansa.