Wa Ya Ja Layin Da Ke Tsakanin Baƙi Da Fari?

A shekarar 1966, 'yan sanda suka je wata makarantar kwana ta 'ya'yan Turawa a garin Piet Retief na Afirka ta Kudu, suka ɗauko wata yarinya 'yar shekara goma mai suna Sandra Laing, suka mayar da ita gidansu. Mahaifinta Abraham da mahaifiyarta Sannie duk Turawa ne 'yan ƙabilar Afrikaner, kuma magoya bayan gwamnatin wariyar launin fata. Sai dai Allah ya yi Sandra da fata mai duhu da gashi murɗaɗɗe, gadon wani kaka na can nesa da dangin suka daɗe da mantawa da shi. Iyayen sauran ɗalibai suka yi ta ƙorafi, hukuma ta duba ta, ta cire sunanta daga jerin fararen fata, ta mayar da shi jerin ruwa-biyu, waɗanda ake kira Coloured a can.

Uban ya shiga kotu. A 1967 aka gyara doka, aka ce duk wanda iyayensa biyu farare ne to shi ma fari ne, Sandra ta koma Baturiya a takarda. Da ta girma ta bi wani baƙin mutum mai suna Petrus Zwane, ta haifa masa 'ya'ya, sai ga shi doka ba ta yarda "farar" uwa ta zauna da 'ya'yan da ba farare ba. Ita da kanta ta koma tana roƙon a sake mayar da ita ruwa-biyu don kada a raba ta da su. Ita ɗin ce dai tun ranar da aka haife ta, amma sau uku ana sauya mata jinsi a ofishin gwamnati.

Wannan labari ya tona asirin abin da mutane da yawa suke ɗauka halitta ne. Launin fata halitta ne, babu ja. Amma layin da aka ja, aka ce daga nan zuwa can farare, daga can zuwa can baƙaƙe, aikin hannun mutum ne. Kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar a kan 'ya'yan ruwa-biyu, domin su ne layin yake ratsawa ta jikinsu.

Fensir a cikin gashi

Dokar rajistar jama'a ta 1950 ce ta tilasta wa kowane ɗan Afirka ta Kudu shiga ɗaya daga rukuni uku: fari, baƙi, ko ruwa-biyu. Daga baya aka ware Indiyawa. Wannan rubutu guda shi ke yanke unguwar da mutum zai zauna, da makarantar ɗansa, da aikin da zai samu, da asibitin da za a kwantar da shi, har da maƙabartar da za a binne shi. Tun a 1949 an haramta aure tsakanin fari da wanda ba fari ba.

Masu rubuta dokar sun rasa ma'aunin kimiyya da za su dogara da shi. Abin da suka iya cewa shi ne, fari shi ne wanda a ido ya yi kama da fari, ko wanda jama'a suka ɗauke shi a matsayin fari. Ruwa-biyu kuwa shi ne duk wanda ba wannan ba kuma ba wancan ba. Saboda haka jami'ai suka koma duba farce, da hanci, da tambayar wa mutum yake hulɗa da shi. Gwajin da ya fi yin ƙaurin suna shi ne na fensir: a soka wa mutum fensir a gashi, in ya zame ya faɗi, yana iya wucewa, in ya maƙale, an gama da shi. Ta haka aka raba wa da ƙane, aka tura su unguwanni dabam. A unguwar District Six ta birnin Cape Town, wadda aka ayyana ta fararen fata zalla a 1966, an kwashe mutum fiye da 60,000, akasarinsu ruwa-biyu, aka rushe gidajensu.

Da ciniki ya haɗa gwamnatin da ƙasar Japan a shekarun 1960, sai aka ba Japanawa matsayin fararen fata na girmamawa, alhali 'yan asalin Sin da aka haifa a ƙasar ba su samu wannan ba sai daga baya. Kuɗi ne ya matsar da layin. Sai a 1991 aka soke dokar rajistar.

Ɗigon jini ɗaya

Amurka ta bi wata hanyar dabam. A can ba a bar wa ruwa-biyu ɗaki na tsakiya ba. Ƙa'idar da ta yi ƙarfi ita ce ta ɗigon jini ɗaya: duk wanda aka san yana da kaka baƙi, komai nisansa, to baƙi ne.

Tushen abin yana cikin bauta. A 1662 majalisar Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa ne, saɓanin al'adar Ingila ta bin uba. Ma'anarta a fili take: ubangida zai haihu da baiwarsa, ɗan ya zama dukiyarsa, ba magajinsa ba. Gwargwadon yadda aka faɗaɗa da'irar baƙaƙe, gwargwadon yadda bayi suka ƙaru, gado kuma ya tsira a hannun farare.

Homer Plessy, wanda ya zauna a taragon fararen fata na jirgin ƙasa a New Orleans a 1892, kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na jininsa na Afirka. A kan shari'arsa ce Kotun Ƙoli ta halatta wariya a 1896. A 1924 jihar Virginia ta ce fari shi ne wanda ba shi da ko burbushin wani jini. Amma da yake manyan gidajen jihar suna tinƙaho da cewa su jikokin Pocahontas ne, 'yar sarkin Indiyawan daji, sai aka buɗe musu ƙofa: wanda jinin Indiyawan bai wuce ɗaya cikin goma sha shida a jikinsa ba, fari ne. A ƙarƙashin wannan dokar aka yanke wa Richard da Mildred Loving hukunci saboda sun yi aure alhali shi fari ne ita ba fara ba, aka ce su bar jihar na shekara 25 ko su sha ɗauri. Sai a 1967 Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan haramci a jihohi 16 da suka rage.

Ko a farkon shekarun 1980, wata mata a jihar Louisiana, Susie Guillory Phipps, wadda ta yi rayuwarta duka a matsayin Baturiya, ta kai ƙara don a gyara takardar haihuwarta da aka rubuta mata baƙa. Dokar jihar a lokacin ta ce wanda jinin baƙi ya wuce ɗaya cikin 32 a jikinsa ba fari ba ne. Ta sha kaye a kotu. Sai a ƙidayar 2000 aka fara barin Ba'amurke ya zaɓi jinsi fiye da ɗaya, kuma a ta 2020 mutum kusan miliyan 34 ne suka yi hakan. Duk da haka Barack Obama, wanda uwarsa Baturiya ce daga Kansas, ubansa kuma ɗan Kenya, duniya ta san shi ne da baƙin shugaba na farko.

Inda ido ke yanke hukunci

Burazil ta fi kowace ƙasa a nahiyar Amurka karɓar bayi daga Afirka, sama da miliyan huɗu, cikinsu har da Hausawan da suka shirya bore a Bahia a 1807. Ita ce kuma ta ƙarshe a nahiyar wajen soke bauta, a 1888. A can ba a ƙirga kakanni, kamanni ake dubawa. 'Yan ɗaki ɗaya suna iya kasancewa wannan fari, wannan pardo, wato tsaka-tsaki, wancan baƙi. Da hukumar ƙididdiga ta bar mutane su faɗi launinsu da bakinsu a 1976, amsoshi iri 136 ta tattara. A ƙidayar 2022, masu kiran kansu pardo sun kai kashi 45 cikin ɗari, sun zarce farare.

Wannan sassauci bai hana talauci bin duhun fata ba. Shi ya sa a 2012 aka yi dokar ware gurabe a jami'o'in tarayya ga ɗaliban makarantun gwamnati, tare da kason baƙaƙe da pardo da 'yan asalin ƙasa. Nan ma tsohuwar tambayar ta dawo: wa zai tantance? Tun a 2007 Jami'ar Brasília, mai duba hotunan masu nema, ta karɓi wani saurayi a matsayin baƙi, ta ƙi abokin tagwaicinsa da suke kama ɗaya sak, kafin daga baya ta janye.

Ke nan yaro guda, in uwarsa fara ce ubansa baƙi, a Atlanta baƙi ne, a Cape Town ruwa-biyu ne, a Rio pardo ne, wataƙila ma fari. Mawaƙiyar nan ta Afirka ta Kudu, Tyla, ta ɗanɗana wannan: ta kira kanta Coloured, sunan al'umma mai harshe da tarihi da ta kai kusan kashi takwas cikin ɗari na ƙasarta, Amurkawa suka yi mata ca, domin su a wurinsu kalmar ragowar zamanin wariya ce.

Abin da kimiyya ta gano

Launin fata yana zuwa ne daga wani sinadari mai suna melanin. Ƙwayoyin da ke samar da shi kusan adadinsu ɗaya a jikin kowa. Bambancin yana ga yawan abin da suke fitarwa da irinsa. Aikinsa tare hasken rana mai ƙuna, wanda ke lalata folet, sinadarin da jariri ke buƙata a ciki don lakarsa da ƙwaƙwalwarsa su ginu daidai. Amma kuma jiki yana buƙatar wani abu na wannan hasken don haɗa bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. Masana biyu, Nina Jablonski da George Chaplin, sun nuna a 2000 cewa launin mutanen kowane yanki yana bin ƙarfin ranar wurin: kusa da tsakiyar duniya fata ta yi duhu don kariya, can arewa mai ƙarancin rana ta yi haske don ta sha ɗan abin da ke akwai. Kuma sauyin a hankali yake tafiya. Wanda ya taso daga Juba ya bi kogin Nilu zuwa Alƙahira, ya haye zuwa Turai, ba zai taɓa isa ƙauyen da baƙi ya ƙare fari ya fara ba.

Ba ƙwayar gado ɗaya ce ke yanke launi ba, suna da yawa, kuma kowane ɗa da irin rabon da yake ɗebowa daga iyayensa. Shi ya sa ciki ɗaya ke fitar da fari da wankan tarwaɗa da baƙi. Afirka kanta ta fi ko'ina bambancin launi, daga mutanen San na kudanci masu haske zuwa makiyayan kwarin Nilu masu duhu ƙwarai, kamar yadda binciken Sarah Tishkoff da abokan aikinta ya nuna a 2017. Mutanen Papua kuwa, duk da duhun fatarsu, ba su fi Bature kusanci da ɗan Afirka ta fuskar gado ba.

Tun a 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na bambancin gado tsakanin 'yan Adam yana cikin kowace al'umma ne, abin da ke tsakanin manyan jinsuna kaɗan ne. Ko cutar sikila da ake jingina wa baƙar fata, zazzaɓin cizon sauro take bi: akwai ta a Indiya, da ƙasashen Larabawa, da Girka, yayin da take da ƙaranci a can kudancin Afirka. Likitan da ya dubi fata ya yanke hukunci yana iya kuskure. Gwajin jini ne ke faɗin gaskiya.

Mu a nan gida

Ƙasar Hausa ba ta taɓa buɗe ofishin auna fata ba. Ɗa na ubansa ne, kuma harshe da addini da zaman tare sun daɗe suna narkar da baƙo. Jikokin fataken Larabawa na Ghadames da suka zauna a Kano, da Wangarawa, da Agalawa, yau Kanawa ne. Wannan abin riƙewa ne.

Amma kada mu ce tsaf muke. Ana jin masu neman aure suna gindaya sharaɗin fara. Ana ganin wadda ake ɗorawa a gaba a finafinai da tallace-tallace. Ana jin yadda ake zolayar yarinya baƙa a gida har ta tsani madubi, da irin sunayen raini da ake laƙaba wa ɗan ruwa-biyu, da tsangwamar da zabiya ke sha. Kasuwar man bilicin ta bunƙasa har hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa a 2023, saboda mayukan da ke ɗauke da sinadarai masu cinye fata da lahanta ƙoda. Mace tana goge garkuwar da Allah ya yi mata daga ranar Sahel, don ta cika wani ma'auni da ba shi da tushe.

Alƙur'ani a Suratur Rum ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, kuma a Suratul Hujurat ya sanya fifiko a taƙawa. Kimiyya ta zo ta nuna cewa launi amsa ce da jiki ya bai wa rana, ba ya nuna hankali ko hali ko daraja. Tarihin ƙasashe ukun nan kuma ya nuna cewa duk inda aka jera mutane bisa launi, akwai wanda ke cin riba: gona, ko ƙwadago, ko gado, ko ƙuri'a. Sunayen jinsi suna da amfani guda da ya rage musu, wato ƙirga waɗanda aka zalunta don a san yadda za a biya su haƙƙinsu. Bayan wannan, ɗan ruwa-biyu shi ya fi cancanta ya faɗi ko shi wane ne, ba tare da an tilasta masa zubar da dangin uwa ko na uba ba. Namu aikin yana farawa ne daga bakinmu: abin da uwa ke faɗa wa 'yarta baƙa, da abin da malami ke bari a kira yaro da shi a aji, da sharaɗin da waliyyi ke yarda a gindaya kafin a ɗaura aure.