Lambobin yaƙin Faransa: takarda ta fi ƙarfe daraja

A gidaje da dama na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai, magada na ajiye da abin da tsohon soja ya bari: lambobin yabo, hoto da jar dara, da takardun da gara ta soma ci. Mazan da Faransa ta ɗiba da sunan «tirailleurs sénégalais», suka yi yaƙin 1914-1918, da na Hitila, da na Indoshin da Aljeriya, akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kayansu kuwa sun zama haja, domin a Turai akwai masu tara irinsu, dillalan kayan tarihi kuma sun san haka. Saboda haka ya kamata mai saye da mai sayarwa su san abin da ke hannunsu.

Lambar da aka fi sani ita ce «Croix de guerre», wadda aka ƙirƙiro a 1915. Ta tagulla ce, mai rassa huɗu da takubba biyu a gicciye. Ƙyallenta ke faɗin zamaninta. Na yaƙin farko kore ne da ratsin ja, na 1939 ja ne da ratsin kore. Gwamnatin Vichy, wadda Nijar ta zauna ƙarƙashinta har 1942, ta fitar da tata a 1941 da ƙyalle kore da baƙi. A bayan lambar an buga shekaru. In ba su dace da ƙyallen ba, to an yi haɗe-haɗe. Kowane tauraro ko reshen ganye da aka maƙala a ƙyallen yana nufin yabo guda da shugabannin soja suka rubuta.

Sai «Médaille militaire», da aka kafa a 1852, ta azurfa, mai ƙyalle rawaya da gefe kore. Masana kan duba ta da gilashin ƙara girma, suna neman hatimin maƙera. Tun 1880 hatimin gidan buga kuɗi na Paris ɗan ƙaho ne cike da ƴaƴan itace. Rashinsa ba ya nufin jabu, tun da kamfanoni irin su Arthus-Bertrand su ma sun ƙera. Abin da ke tona asirin jabu shi ne zubi: ta gaske bugawa aka yi, harufanta tsaf, ta zubi kuwa fuskarta da ƙuraje, gefenta da tabon haɗi.

Kayan jiragen sama sun fi jan hankali, kuma ƙasar nan na da rabonta a tarihinsu: a 1933 ayarin jiragen Potez 25 na Janar Vuillemin ya sauka Yamai da Damagaram. Bajon matuƙin soja, mai fukafukai biyu da tauraro, yana da lamba a bayansa, wadda ake iya bi a gano mai shi. Bajon rundunar Normandie-Niemen da «Croix de la Libération», wadda mutum 1038 kaɗai suka samu, an kwaikwaye su ƙwarai. Wanda aka tallata wa ɗayansu da araha, ya yi hattara.

Amma babban al'amarin shi ne, saɓanin yawancin lambobin Ingila, na Faransa ba a cika rubuta sunan mai su a jiki ba, kuma har yau ana ƙera su ana sayarwa. Ƙarfe kaɗai ba ya shaidar kowa. Shaida tana cikin littafin soja, da takardar ba da lambar, da rubutaccen yabo mai suna, lambar soja, runduna da kwanan wata. Ana iya gwada su da rajistar da ke ma'ajiyar takardun sojoji ta birnin Pau.

Takardun nan ba na ado ba ne. Da su aka bi haƙƙin fansho, wanda Faransa ta daskarar da dokar 1959, ba ta daidaita shi da na ƴan ƙasarta ba sai a 2007 da 2011. Da su ne kuma jika zai san inda kakansa ya yi yaƙi.

Ga ɗan kasuwa, sayen nagari mai da kuɗi gida ne: lamba tare da takardunta ita ke da farashi. Magadan da matsi ya sa za su sayar kuwa, su ɗauki hoton kome tukuna, kuma su riƙe littafin soja. Lamba in ta ɓace ana sayen wata, littafin nan kuwa guda ɗaya ne.