Kurciyar Safok da Ke Cin Rani a Mali

Idan aka ce an yi wa mutum kurciya, kowa ya san nufin: ya bar gida, ya shiga uwa duniya, ba shi da ranar dawowa. Wannan ƙazafi ne ga tsuntsuwar. Ita tana dawowa.

A gundumar Safok, a gaɓar tekun gabashin Ingila, masana na ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB sun ɗaura wa wani namijin kurciya 'yar na'ura a gadon baya a shekarar 2014, suka raɗa masa suna Titan. Da sanyi ya ƙarato sai ya tashi, galibi da dare yake tafiya, ya ratsa Faransa da Sifaniya da Maroko, ya haye Sahara, ya yada zango a Senegal, sannan ya sauka Mali. Kusan kilomita 5,600 ke nan, ga tsuntsun da bai cika tafin hannu biyu ba. A 2015 ya koma Safok ɗin da ya baro.

Ba duk dangin kurciya ne matafiya ba. Ƙatuwar tattabarar daji mai farin tabo a wuya, wadda ta fi hazbiya jiki, tana nan rani da damina tana yi wa manoma ɓarna. Mai baƙin zobe a ƙeya kuwa baƙuwa ce: sai a 1955 ta fara sheƙa a maƙwabciyar gunduma, Nofok, yau ta cika ƙasar.

Amma halinsu na gida ɗaya ne da na kurciyar da ke kan bishiyar darbejiya. Sheƙar 'yan tsinke, har kana hango ƙwai biyun ta ƙasa. Uwa da uba na karɓa-karɓar kwanci, kuma dukansu suna ɗura wa 'ya'yan wani farin ruwa mai kauri daga maƙoshi. Wurin shan ruwa ma ba ta ɗaga kai kamar kaza, zuƙa take yi.

Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, to a Ingila jawabin ya kusa ɗaukewa. Tun daga 1970 matafiyar ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Maganin feshi ya kashe ciyayin da take cin 'ya'yansu, an sare sarƙaƙiyar da take sheƙa, ga maharba a hanya. Sai a 2021 Faransa da Sifaniya suka dakatar da harbinta.